Giginya ba sunan filin ƙwallo kaɗai ba ne

A Sakkwato, in ka ce Giginya, yaro zai nuna maka filin ƙwallo, ko otel, ko barikin soja. Kaɗan ne za su ce maka fagen yaƙi ne.

A can ne, bayan ganuwar birnin, ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya tari rundunar Turawa. Mahaya da masu da takubba, ga bindiga mai ruwan harsashi tana jiransu. Wasu suka tsaya gindin tuta, suka ƙi gusawa har aka gama da su a nan. Attahiru ya yi hijira gabas, talakawa suka bi shi, ya yi shahada a Burmi cikin Yuli na waccan shekarar.

Hubbaren Shehu kullum cike yake da masu ziyara, kuma ya cancanta. Amma su waɗanda suka faɗi a Giginya fa? Abin yana damuna. Malaman makaranta, ku kai ɗalibai Giginya, a nemo dattijo ya ba su labarin da bakinsa. Ya kamata hukumar tarihi ta kafa allo a wurin, da Hausa da ajami.