Rogo a Shekarar Fari

Yau za mu yi magana a kan rogo, da halinsa in ruwa ya ɗauke.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba. Gero ya bushe a gona, dawa ta ƙone, rumbu ya zama wayam. Fari kuwa ba ya sallama in zai zo. Saboda haka ya kamata mu san shukar da ke jimre masa.

Asalin rogo daga Amurka ta Kudu ne. Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka, yau fiye da shekara 400. Yanzu babu ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi.

Me ya sa rogo ke jimre wa fari? A jikin ganyensa akwai 'yan ƙofofi, ido ba ya ganinsu. Ta nan ruwa ke fita. In iska ta bushe, sai ya rufe su. In fari ya tsananta, sai ya zubar da ganye, ya dakata. Ran da ruwa ya dawo, sai ya sake toho.

Amma ƙaramin rogo ba shi da wannan ƙarfi. Daga wata 1 zuwa wata 5 bayan dashe, lokacin ne saiwa ke kafuwa. Masana sun gwada sun gani. In ya rasa ruwa wata 2 a wannan tsakani, amfaninsa yakan ragu da sulusi, wani lokaci ma fiye da rabi. Don haka mu dasa da wuri, da zarar damina ta zauna. Da sanyin safiya ake kama fara. Mu yanki itace lafiyayye, tsawon taƙi ɗaya, mai ido 5 zuwa 7. Mu bar taku ɗaya tsakanin wannan da wancan.

Rogo iri iri ne. Wani yakan zubar da ganye da sauri, wani yakan riƙe nasa. Mai riƙe ganye yakan fi saiwa. A Ibadan akwai wurin binciken noma, IITA, wanda aka kafa a 1967. Ta hannunsa aka sami iri kamar TMS 30572 da TME 419. Mu tambayi malamin gona wanda ya dace da ƙasarmu. Mu dasa iri biyu ko uku, kowanne kunyarsa dabam. Ran haƙa mu auna da kwando ɗaya, mu rubuta. Ga amfanin karatunmu.

Sai gargaɗi. Fari yana ƙara wa rogo ɗaci, ɗacin nan kuwa dafi ne. A 1981 an yi fari a arewacin Mozambik. Yunwa ta sa mutane suka ci rogo mai ɗaci ba gyara sosai, fiye da mutum 1,000 ƙafafunsu suka shanye, galibi mata da yara. Kome yunwa, mu fere shi, mu jiƙa shi kwana 3, sa'an nan mu shanya shi ya bushe sarai.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.