Idan Fitilar ABS Ta Ƙi Mutuwa: Jawabin Wakilin Makanikai a Taron Zagayowar Shekara

  

An ce in yi magana a madadin makanikai. Hannuna ya fi bakina iya aiki, don haka abu guda zan ɗauka: ’yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke gaban direba, wadda aka rubuta wa ABS.

Daminar bara an jawo mini wata tirela da ta ɗauko wake daga Maraɗi za ta Kano. Tsakanin Ɗan Issa da Jibiya shanu suka shigo hanya, kwalta kuma a jiƙe. Direba ya taka birki, tayoyin baya suka kafe, bodi ya juyo gefe. Allah Ya tsare rai, amma buhuna da yawa sun tafi a ruwa. Da na leƙa gaban motar, sai na tarar an liƙe fitilar ABS da baƙin salatif don ta daina damun ido. Abin da ya lalace kuwa, waya ce guda da ta goge a jikin ƙarfe.

Ga yadda abin yake aiki. A gindin taya akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ita, gabansa kuma akwai ɗan ƙarfen da muke kira sensa, yana ƙidaya haƙoran yana sanar da ƙwaƙwalwar birki. Da zarar ta ga wata taya za ta kafe, sai ta riƙa rage mata iska tana mayarwa da sauri. Amfaninsa shi ne sitiyari ya ci gaba da jin magana, tirela kuma kada ta naɗe.

In ka murɗa makulli, fitilar za ta kama na ɗan lokaci ta mutu. Gwajin kanta take yi. A wasu motocin sai an fara tafiya, kamar kilomita 7 a awa, sannan ta mutu. In ta zauna, birkinka na yau da kullum yana nan, amma mai hana taya kafewa ya janye hannu. Ka rage gudu, ka ba motar gaba tazara, ka nufi gareji. Kada dai a haɗa ta da jar fitilar ƙarancin iska. Wannan in ta kama, a tsaya nan take.

A gareji kuma, a fara da mai araha. Na farko, a gano fitilar kan mota ce ko ta tirela, don yawancin motocinmu kowace da tata. In ta tirela ce, a duba igiyar ABS da ke tsakaninsu, mai baki 5 ko 7. Ƙura da tsatsa sun fi cin nan. Na biyu, fis da batir. Motocin nan wutar bolt 24 suke so, in ta yi ƙasa fitila na iya kamawa. Na uku, a bi wayar kowace sensa da hannu a nemi inda ta goge ko ta tsinke. Na huɗu, a share laka da garin ƙarfe, a tura sensa da hannu har ta taɓa zoben, ita za ta gyara zamanta in taya ta juya. In ta sake ja da baya, a duba boris, wataƙila ya yi sako-sako. Mai mita ya gwada: a samfurin WABCO sensa mai lafiya takan nuna tsakanin om 900 da 2000. A kuma lura da tayoyi, don haɗa babba da ƙarama yana rikita lissafin.

Sai duk wannan ya wuce, an sa kwamfuta ta faɗi tayar da ke da matsala, sannan a yi zancen sayen ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ce maka ta ƙone alhali bai ko durƙusa ƙarƙashin mota ba, nemi wani ya sake dubawa. Masu walda kuma, don Allah ku cire mata waya kafin ku ɗora wuta a jikin mota.

Alhazai da Hajiyoyi, wannan magana taku ce ma. Kuna tambayar kuɗin mota da takardun kwastan, to ku ƙara guda: kafin lodi, a murɗa makulli a gabanku. Fitilar da ba ta kama ba sam, wataƙila an cire mata ƙwai ko an rufe ta. Masu motoci kuma, in direba ya kawo ƙorafi, kada ku ce ya lallaɓa sai an dawo. Kuɗin waya guda bai kai na buhu ɗaya ba.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kasuwa.