Bayan gudawa ta tsaya: jawabin kwamitin lafiya a taron cikar shekara

An ba kwamitin lafiya minti goma kafin a shiga lissafin kuɗi, don haka ba za mu ja zance ba.

Maganar gudawa muka zo da ita. Mun ga wasu sun fara murmushi, to ku bari mu ƙarasa. Yawancinmu da hannunmu muke ciyar da mutane: mai fura da nono, mai kiwon kaji, mai tuwo-tuwo, mai ƙulla zoɓo. Kuma kowa a nan ta san ruwan gishiri da sukari, ta san ana ba yaro zinc na kwana 10 zuwa 14. Wannan mun wuce shi. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne abin da kan biyo baya, makonni bayan ciki ya lafa an ma manta.

Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Kamfilobakta. A hanjin kaza take zama, kazar kuma lafiyarta lau, tana kiwonta. Wajen figa da fiɗa take hawa nama da wuƙa da hannu. Ana samunta a madarar da ba a tafasa ba da ruwan da kashi ya gurɓata. Kwana 2 zuwa 5 da shigarta sai murɗar ciki da zazzaɓi da gudawa, wani lokaci da jini. Galibi cikin mako guda an warke.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Garkuwar jikinmu kamar 'yan sintirin unguwa ce, da riga take gane ɓarawo. Ita wannan ƙwayar, rigarta ta yi kama da abin da ke lulluɓe da jijiyoyin da ke kai saƙo ƙafa da hannu. Ɓarawo ya tafi, amma a jikin wasu mutane 'yan sintiri ba su ajiye sanda ba, sai su hau ɗan gida da duka saboda rigarsa iri ɗaya ce. Sunan wannan ciwo Guillain-Barré, sunan likitocin Faransa da suka bayyana shi a 1916. Yakan fara da jin kamar tururuwa na bin tafin ƙafa, sai ƙafafu biyun su yi nauyi, raunin ya riƙa hawa sama cikin kwanaki. Idan ya kai ƙirji numfashi kan gagara. Ba ya da yawa, ana ƙiyasta kamar mutum 1 cikin 1,000 da suka kamu da ƙwayar. Amma a farkon 2025 ya kwantar da mutum fiye da 100 a birnin Pune na Indiya, kuma an gano ƙwayar a jikin wasu daga cikinsu.

Mun san abin da ake cewa a gidajenmu idan ƙafa ta mutu haka kawai: ta taka sammu, ko iska ta buge ta. A yi addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti, ranar, ba gobe ba. Yawancin masu wannan ciwo suna tashi, in dai an kula da numfashinsu a kwanakin da ya yi tsanani. Idan kuma yaro ne ɗan ƙasa da shekara 15, ma'aikatan lafiya za su ɗauki kashinsa su auna saboda shan-inna. Kada a hana su.

Na biyu ya fi wannan yawa, ya fi shi sauƙi. Mako ɗaya zuwa huɗu bayan atini, sai gwiwa ko idon sawu ya kumbura, diddige ya hana taka ƙasa, wani ido ya yi ja, fitsari na zafi. Mu ce sanyi ne. Salmonela da Shigela da ita Kamfilobaktar duk suna jawo shi, kuma yawanci yakan tafi cikin watanni. Likita ba zai haɗa gwiwa da ciki ba sai kin faɗa masa, "Likita, wancan watan na yi atini." Kunyar faɗin wannan kalma ɗaya kan sa a yi ta shan maganin da ba shi ba ne.

Sai kumburin hanji mai daɗewa, irin cutar Crohn da gyambon babban hanji, inda garkuwar jiki ke damun hanjin kansa. A Denmak masu bincike sun ga waɗanda suka yi Salmonela ko Kamfilobakta an fi samun su da wannan ciwo daga baya. Wasu masu binciken a can suka sake dubawa suka ce a'a, ciwon ya riga ya fara, shi ne ma ya kai mutanen awon kashi. Mu dai abin da ya shafe mu: gudawar da ta wuce wata guda, da jini ko majina, da rama, da tashin dare zuwa bayi, ba basir ba ne da za a jiƙa saiwa. A ƙasarmu tarin fuka na hanji da amiba suna yin irin waɗannan alamun, kuma maganin wancan na iya tsananta wannan. Awo ne kawai ke raba su.

Shi ya sa ba ma goyon bayan aiken yaro kemis ya sayo Flagyl da "ja da yalo" duk sanda ciki ya yi ƙugi. Hanji cike yake da ƙwayoyi masu amfani, maganin kuma ba ya tambayar waye ɗan gida.

Masu kaji, a wanke kaza nesa da inda ake yanka kabeji da latas, a zubar da ruwan can gefe, wuƙarta daban, hannu kuma da sabulu kafin a taɓa komai. A dafa ta har kusa da ƙashi ba sauran ja. Masu nono, a tafasa madara kafin a zuba mata iri, kindirmo zai kama yadda ya saba. Masu zoɓo, ruwan ƙanƙarar ma a san daga inda ya fito.

Mai tambayar da ba ta son yi a bainar jama'a ta same mu a bayan rumfa bayan an ci abinci. Ma'aji, bismillah.