Katin Wa Kake Bita? Lacca ga Ɗaliban Likitanci da Malamansu



An nemi in yi magana a kan wata al'ada da ta shigo makarantun likitanci ba tare da kowa ya sanya ta cikin tsarin karatu ba. Duk mai koyarwa a asibitin koyarwa, a Kano ne ko Shika ko Sakkwato ko Maiduguri, ya san wannan ɗalibi: yana tsaye a baranda yana jiran isowar babban likita, kai a sunkuye, yatsa na taɓa waya bayan kowane daƙiƙa kaɗan. Wasu malamai kan ɗauka hira yake yi. Sau tari karatu ne. Katunan bita yake juyawa a wata manhaja da ake kira Anki. Tambaya ta bayyana, ya ba da amsa a zuciyarsa, ya buɗe ya gani, sannan ya gaya wa manhajar ko ya manta, ko ya tuna da ƙyar, ko ya tuna daidai, ko abin ya zo masa a sauƙaƙe. Da wannan hukuncin da ya yanke wa kansa manhajar ke tsayar da ranar da katin zai dawo.

Dabarar ta girmi waya nesa ba kusa ba. A shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya ƙirƙiri gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya haddace su jeri-jeri, ya riƙa auna abin da ya rage bayan minti 20, bayan sa'a guda, bayan kwana guda, bayan wata guda. Ya tarar mantuwa tana da gaggawa a sa'o'in farko, daga baya sai ta lafa. Ya kuma lura cewa maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya zaunawa. A 1972 wani ɗan jarida, Sebastian Leitner, ya mayar da wannan ilimi akwatin katuna mai ɗakuna biyar: katin da ka amsa daidai ya matsa ɗaki na gaba inda ba a yawan leƙawa, wanda ka faɗi ya koma ɗakin farko. A 1987 kuma Piotr Woźniak, yana ɗalibi a birnin Poznan na ƙasar Folan, ya ɗora lissafin a kwamfuta. A tsarinsa sabon kati yakan dawo bayan kwana 1, sannan bayan kwana 6, daga nan tazarar ta riƙa ninkuwa kusan sau biyu da rabi: kwana 15, sai kusan 38, haka har ta kai watanni. A kan wannan lissafi Damien Elmes ya gina Anki a 2006, shi kuwa harshen Japananci ne ya dame shi, ba likitanci ba.

Akwai abu na biyu da ke aiki a cikin kati, wanda a ganina ya fi tazarar muhimmanci, wato tilasta wa ƙwaƙwalwa ta zaƙulo amsa da kanta. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta sau ɗaya aka yi ta sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: waɗanda aka yi ta tambaya sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kashi 40. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, masu maimaita karatun su ne suka fi tabbacin cewa ba za su manta ba. 'Ya'yana, wannan shi ne halin mai ja wa littafi layi da alƙalami mai launi har shafi ya zama rawaya. Idonsa ya saba da shafin, sai ya ɗauka ya sani.

Mu da muka taso kusa da makarantar allo ba baƙi ba ne ga wannan. Mai hadda yana ɗaukar sabon karatu ne tare da tishen na baya, kuma tishen da ka ake kawo shi, allo a kife. Wanda ya sauke ya ajiye tilawa kowa ya san makomar haddarsa. Saboda haka ba ni da ja a kan tushen dabarar. Ina goyon bayanta, ina kuma son kowane ɗalibin da ke fuskantar jarrabawar ilimin sassan jiki da aikin jiki da sinadaransa ya koye ta tun a shekarar farko. Damuwata tana wani wuri, kuma haddar ce ta nuna mini shi. Mahaddaci yana karɓar karatu daga bakin malamin da ya san sunansa, wanda ke saurare yana gyara. Kuma nassin da ya haddace ba ya sauyawa. Katin likitanci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun.

Mu duba inda katunan da yawancinku ke saukewa suka fito. Gidansu Amurka ne. Can ɗalibin likitanci sai ya haye jarrabawar USMLE kafin ya sami lasisi. Matakinta na ɗaya zaman sa'o'i takwas ne, tambayoyi har 280. Kafin watan Janairun 2022 makin da mutum ya samu a wannan mataki yana da babban tasiri wajen yanke fannin da zai ƙware a kai da asibitin da zai karɓe shi. Wannan matsin ne ya haifi manyan tarin katuna irin su Zanki da AnKing, waɗanda ɗalibai suka tsamo daga littafin First Aid da darussan Pathoma da makamantansu, suka yi ta gadar wa juna suna ƙari har katunan suka haura 20,000. Aiki ne na ban sha'awa, kuma ga mai shirin waccan jarrabawa yana biyan buƙata. Tun daga 2022 an daina ba da maki a matakin na ɗaya, sai dai a ce ka ci ko ka faɗi, gasar kuma ta koma mataki na biyu, katunan suka bi ta.

Shin suna ƙara maki? A 2015 Francis Deng da abokan aikinsa, su ma a St. Louis, sun bincika ɗaliban makarantarsu. Sun ga kowane ƙarin kati 1,700 da ɗalibi ya yi yana tafiya da ƙarin maki ɗaya a matakin na ɗaya. Amma tambayoyin gwaji irin na jarrabawa, 445 kacal ke tafiya da wannan maki ɗayan. Binciken na makaranta guda ne, kuma mai naci a kati watakila mai naci ne a komai. Duk da haka ku riƙe lambobin nan biyu. Tambayar da ke ba ka labarin majinyaci ta ce ka yanke shawara ta fi katin da ke neman kalma ɗaya nauyi.

Sai batun lokaci, wanda ba a cika gaya wa sabon shiga ba. Masu Anki da kansu sun yi gargaɗin cewa mai ɗaukar sabbin katuna 20 kullum zai wayi gari da bitar kusan 200 a rana. A wannan tafiyar, tarin kati 20,000 sai ya ci kwana 1,000. Don haka ɗalibi mai gaggawa yakan ɗauki 100 a rana, bitarsa ta doshi 1,000. Ko daƙiƙa goma-goma ya ba kowane kati, ya kusa cinye sa'o'i uku, kullum, har ranar Juma'a da ranar Sallah. Ya yi fashin mako guda saboda jinya ko rasuwa, ya dawo ya tarar da dubbai na jiransa. Daga ina waɗannan sa'o'i ke fitowa? Daga barci suke fitowa, daga ɗakin gwaje-gwaje, daga gefen gadon majinyaci. Na ga ɗalibai masu ƙwazo da ke iya jero duk dalilan kumburin saifa ba tare da numfasawa ba, amma hannunsu bai taɓa jin bakin saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin yaro ba. Wannan yana sosa mini rai ƙwarai, domin yaron yana kwance taku goma daga inda suke tsaye.

Woźniak da kansa, a ƙa'idoji ashirin da ya rubuta a 1999 kan yadda ake tsara kati, ya fara ne da hana mutum haddace abin da bai fahimta ba. Wanda ya rubuta katinsa da hannunsa dole ya tsaya ya tambayi kansa mene ne ainihin abin da yake son ya riƙe, kuma a wannan tsayawar fahimta ke shiga. Wanda ya sauke na wani ya tsallake ta. Yakan ma kai inda yake gane kati daga siffarsa, daga tsawon jimla da inda aka bar gurbi, ya danna cewa ya sani alhali da za a juya tambayar ba zai amsa ba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Katin da aka rubuta don Amurka, majinyacin Amurka yake hange. Zai koya maka cutar Lyme daki-daki, da cutar funfuna ta kwarin San Joaquin a Kalifoniya. Zazzaɓin cizon sauro yana ciki, amma galibi a matsayin abin da matafiyi ya kwaso daga wata ƙasa. Kai kuwa daren farko na aikinka bayan kammala karatu, wa za a kawo maka? Yaro ɗan shekara uku mai nauyin kilo 12, yana suma da zazzaɓi, wanda ke buƙatar allurar atesunet miligiram 3 a kowane kilo saboda bai kai kilo 20 ba, wato 36, a take, a sake bayan sa'a 12, a sake bayan 24. Matashiya mai cikin fari tana jijjiga. Manomi da kububuwa ta sara a gona, kamar waɗanda ake kaiwa asibitin Kaltungo, wanda za ka zuba jininsa a busasshiyar kwalbar gilas mai tsabta ka jira minti 20 ka ga ko ya daskare. Mai sikila da ciwon ƙashi. Sanƙarau idan zafi ya taso. Zazzaɓin Lassa, wanda a ƙasar Barno aka fara gano shi a 1969. Gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Cutar noma mai cin fuskar yara, wadda ke da asibiti sukutum a Sakkwato, amma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ku je ku ƙirga katuna nawa waɗannan suka samu a cikin dubban da ke wayarku.

Ban ce kada kowa ya yi shirin USMLE ba, ko PLAB ta Ingila mai tambayoyi 180 cikin sa'o'i uku. Na san dalilan da ke sa matasan likitoci neman hanyar fita, kuma ba zan tsaya nan in zarge su ba. Sai dai ko PLAB ɗin, kashinta na biyu a Manchester ake yi, gaban mutum mai rai da ke kwaikwayon majinyaci. Haka 'ya'yanmu da suka yi karatu a Sudan ko Masar ko wata ƙasa, idan sun dawo sai sun zauna jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, kafin a ba su izinin aiki, kuma cututtukan nan gida za su tarar a asibiti. Mai shirin fita da mai shirin zama, dukansu sai sun bi ta ɗakunan majinyatanmu tukuna.

Ga kuma tsufan kati. Manhajar ba ta san gaskiya ba, kwanan wata kawai ta sani. Za ta dasa maka kuskure da irin amincin da take dasa daidai. A 2005 Najeriya ta ajiye kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. A 2010 binciken AQUAMAT, wanda ya shafi yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya nuna mace-mace kashi 8.5 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa atesunet, kashi 10.9 ga waɗanda aka yi wa kwinin, ƙa'idar magani kuma ta sauya. Katin da aka rubuta shekara guda kafin nan, da yana yawo daga waya zuwa waya ba suna ba kwanan wata, da har yau yana dawowa a kan kari yana koyar da tsohon magani.

Don haka ga roƙona, kuma ga malamai ya fi karkata. Mu daina kallon abin nan a matsayin sha'anin yara. Kowane sashe, na yara ne ko na mata da haihuwa ko na tiyata, yana iya sa ɗaliban da ke zagaye a wurinsa su rubuta katuna daga majinyatan da suka gani a makon, ba tare da suna ko wata alamar da za ta tona asirin kowa ba. Kati ɗaya, tambaya ɗaya, a gajarce. Likita mai neman ƙwarewa ya duba, babban likita ya sa hannu. A jikin kowane kati a rubuta wanda ya tantance shi, da shekarar, da ƙa'idar da aka dogara da ita. A ware mako guda kowace shekara a zubar da waɗanda suka tsufa. Ba a buƙatar kasafin kuɗi: manhajar kyauta ce a kwamfuta da wayoyin Android, kuma bita ba ta buƙatar intanet. Idan makarantun arewa suka raba aikin, wannan ta ɗauki saran maciji, waccan ta ɗauki noma, wata ta ɗauki yoyon fitsari, kowace a inda ta fi ganin cutar, cikin zango kaɗan za a sami abin da ɗalibin aji huɗu zai sauke da kwanciyar hankali.

Ku kuma ɗalibai, ku ƙayyade wa kanku sabbin katunan da za ku iya ɗauka ko a makon da ya fi cunkoso, ku gama bita kafin a fara zagayen safe, wayar ta koma aljihu. Duk katin da kuka faɗi sau uku, ku daina dannawa, ku ɗauko littafi ko ku tare ɗaya daga cikinmu a baranda ku tambaya. Shugaban zama, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi, kuma zan so shugabannin sassa da ke zaune a gaba su fara gaya mana wanda zai ɗauki aikin farko.