Yaro Mai Tsoron Kuskure

Yau zancenmu a kan iyaye da yara ne.

Kowa ya san tabarmar Madawa da kyan saƙarta. To, yarinyar da ke koyon saƙar fa? Wata uwa, da ta ga kaba ta ɗan karkace, sai ta warware aikin duka, ta ce: "Ke ba ki iya kome ba." Gobe ma haka. Yarinyar nan tana iya zama gwana. Amma hannunta kullum rawa yake, ko an yaba tabarmarta ita aibu kaɗai take gani.

A lakwal ma haka ne. Yaro a Buza ko Keita ya samo 8 bisa 10, uba ya ce: "Ina sauran 2?" Daga ranar yaro ya fara ɓoye kayensa. In mushe ya yi tambaya, ba ya ɗaga hannu, ko ya san amsa. Yana jin sai ya ci duka za a so shi a gida.

A shekarar 1990, wani masani a Amurka, Randy Frost, da abokan aikinsa sun auna wannan hali. Cikin abubuwa 6 da suka duba, 2 na iyaye ne: dogon buri a kan yaro, da yawan kushe shi.

Ku da kuke karatun yaƙi da jahilci, ku tuna baƙinku na farko a kan allo. Ya miƙe? Malami ya goge, kuka sake. In yaro ya kawo aikinsa yau, ku fara nuna masa inda ya yi daidai, sannan ku gyara wuri guda. Sauran a bar wa gobe.