Gidan Tarihi a Allon Sinima: Ina Rabon Ɗalibanmu?



Abin da aka ɗora mana mu tattauna yau shi ne dangantakar da ke ƙara ƙarfi tsakanin gidajen tarihi, da gidajen sinima, da finafinan gaskiya da ake shiryawa kan zane-zane da kayan fasaha. Wani zai ce ina ruwan malamin firamare, mai fama da alli da jiran albashi, da wannan batu? Ruwanmu yana cikin jadawalinmu. Mu ne muke koyar da darasin al'adu da fasaha, kuma sau da yawa yaro yakan gama aji shida bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin abubuwan da muke ba shi labarinsu ba.

Bari mu fara da yadda abin ya bunƙasa. A 2011 gidan zane-zane na National Gallery da ke Landan ya yi bajekolin ayyukan Leonardo da Vinci. Tikiti ya ƙare, mai shirya fim Phil Grabsky kuma ya ɗauki bajekolin aka haska shi a gidajen sinima da sunan Leonardo Live. Daga nan jerin finafinan Exhibition on Screen ya samo asali. A 2023 gidan Rijksmuseum na Amsterdam ya tara zane 28 na Johannes Vermeer, mai zanen da duk abin da ya rage na aikinsa bai kai arba'in ba. Mutum kusan 650,000 ne suka shiga, tikiti kuwa ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Wanda bai samu ba sai ya nufi sinima.

Dalilin wannan haɗin kai a fili yake. Tsohon zane ba ya son tafiya: zafi da laima da haske suna lalata shi, kuɗin inshorarsa kuma ba kaɗan ba ne. Bajekoli yakan yi wata uku ko huɗu, sannan kowane zane ya koma inda aka aro shi, fim ne kaɗai yake saura. Su ma gidajen sinima suna neman masu kallo tun da jama'a suka koma kallo a waya. Ga shi kuma kyamara tana matsawa kusa da zane fiye da yadda mai gadi zai bar mutum, har a ga sawun burushi.

Sai dai akwai abin lura. A ɗakin gidan tarihi idonka naka ne, kai za ka zaɓi inda za ka tsaya. A fim kuwa mai kyamara ne yake zaɓa maka, shi ne kuma yake faɗa maka ma'anar abin da ka gani. Iyayenmu sun san wannan tun zamanin majigi, lokacin da motar gwamnatin mulkin mallaka take zagaya garuruwa tana haska finafinan tsafta da noma a filin gari. Wanda ya riƙe majigin shi ya riƙe saƙon.

Finafinai biyu sun nuna cewa kyamara tana iya tuhumar gidan tarihin kansa. A 1953 Alain Resnais da Chris Marker suka yi wani gajeren fim a Faransa, wanda ma'anar sunansa ita ce gumaka ma suna mutuwa. Tambayar da ta haife shi ita ce: me ya sa aka ajiye fasahar Girka da Masar a Louvre, aka kai ta baƙar fata gidan nazarin ƙabilu? Hukumar tace finafinai ta hana shi, aka shafe shekaru ba a nuna shi cikakke ba. Bayan shekara 71, a 2024, fim ɗin Dahomey na Mati Diop ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin. Ya bi sawun kayan sarauta 26 da sojojin Faransa suka kwasa a 1892, aka mayar da su Jamhuriyar Benin a Nuwamban 2021. Wurin da ya fi shafarmu a cikinsa shi ne muhawarar ɗaliban Jami'ar Abomey-Calavi. Wasu suna murna, wasu suna cewa 26 daga cikin dubbai raini ne, wasu kuma suna kukan cewa makaranta ba ta taɓa koya musu darajar waɗannan kaya ba. Wannan kukan da malamai irinmu yake.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, mu yi amfani da waɗannan finafinai, amma gutsure-gutsure. Malami ya fara kallo shi kaɗai, domin wasu zane-zanen Turai ba su dace da idon yaranmu ba. Ya nuna minti biyar, ya tsayar, ya tambayi yara abin da suka gani kafin ya yi bayani.

Ta biyu, kada allo ya maye gurbin tafiya, domin gani ya kori ji, ganin ido da ido kuma ya fi na allo. Gidan Makama yana nan a Kano, ginin da asalinsa yake komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Gidan tarihi na Jos, da aka buɗe a 1952, yana riƙe da kayan yumɓu na Nok waɗanda suka haura shekara dubu biyu. Marinar Ƙofar Mata tana aiki har yau. Inda mota ta gagara, akwai maƙeri da masaƙi da baduku a unguwa, kuma da izininsu wayar malami ta isa ta ɗauki aikinsu daga farko har ƙarshe.

Ta uku, reshe ya nema mana majigi ɗaya da batirin hasken rana da zai riƙa zagaya makarantu bi da bi, ya kuma miƙa roƙonmu ga masu shirya finafinai na Kannywood da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, su haɗa hannu su yi irin waɗannan finafinai da Hausa. Idan ba mu yi ba, wani zai zo ya ɗauki kayanmu a fim, jikokinmu su koyi tarihinsu daga bakinsa.

Muna roƙon shugaba ya sanya waɗannan shawarwari cikin ajandar zama na gaba.