Guzurin Mai Keke

Yau a kan samarinmu zan yi magana, masu hawa keke tun hantsi su nufi bakin dam ɗin Tomas, wasu har Kazaure, sai magariba a gan su. Ke kina gida, amma guzurin daga hannunki yake. Fura da nono, madalla, sai dai zafin bazara ba wasa. Ki tafasa ruwa lita 1 ya huce, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin cokali, ki ɗura masa a gora. In ya dawo yana jiri, kar a ce aljanun ruwa ne. A kwantar da shi a inuwa, ya sha. In ya fara sambatu kuwa, asibiti maza-maza.